Ɗan Hakin Da Ka Raina: Ƙasar Latbiya Da Wasan Hokin Ƙanƙara

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kowa ya san wannan karin magana, amma ba kowa ke gaskata ta ba idan abu ya zo kansa. Duk sa'ad da aka ce za a kara da wata babbar makaranta, ko a ƙwallo ko a muhawara ko a kacici-kacici, sai ka ji wasu sun fara cewa, "Ina mu ina su? Ai sun fi mu yawa." Tun ba a busa usur ba an riga an ci mu a zuci. Saboda haka na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin wata 'yar ƙaramar ƙasa ta Turai, wadda 'yan wasanta suka daɗe suna karawa da manyan ƙasashen duniya a wani wasa da ba mu da shi a nan, watau hokin ƙanƙara. Abin da nake so in nuna shi ne, nasarar da suka samu cikin 2023 ba daga sama ta faɗo ba. Shekara talatin suka yi suna gina ta.

YADDA AKE WASAN

Mun san hokin da ake bugawa a filin makaranta, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe, da sanda da ƙwallo. To, hokin ƙanƙara ɗan'uwansa ne, sai dai shi a kan daskararren ruwa ake yinsa. A ƙasashen sanyi tafkuna da koguna sukan daskare cikin hunturu, har mutum ya yi tafiya a kansu, kuma nan yara suka fara wasan. Manyan gasanni kuwa a cikin babban zaure ake yinsu. An shimfiɗa bututun sanyi a ƙarƙashin daɓen, an kwarara ruwa ya daskare, don haka ko da ana zafi a waje ƙanƙarar ba ta narkewa.

Filin da aka saba amfani da shi a Turai tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa mita 30, an kewaye shi da katangar katako. Kowane ɗan wasa yana sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙarƙashi, siriri kamar bakin wuƙa, da shi yake sulalewa a kan ƙanƙara da gudun da ya fi na mai keke. Maimakon ƙwallo, wani baƙin faifan roba mai tauri suke bugawa. Girmansa kamar gwangwanin man takalmi, nauyinsa wajen giram 170. Idan gwani ya make shi yakan yi gudun da ya wuce kilomita 150 a awa, shi ya sa mai tsaron gida yakan rufe jikinsa da fuskarsa kamar mai shirin yaƙi.

Mutum shida ke shiga a kowane gefe, har da mai tsaron gida. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 20, kuma duk sa'ad da wasa ya tsaya agogo ma tsayawa yake yi. Wanda ya yi ƙeta sai alƙalin wasa ya fitar da shi na minti biyu, 'yan'uwansa su ci gaba da wasa da giɓi.

Akwai wani abu da nake so mai karatu ya riƙe, don shi ne gishirin labarin. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti ɗaya a cikin fili bai fita ya huta ba. Ana canza su rukuni-rukuni, wasa na tafiya. Saboda haka ƙungiya tana bukatar gwanaye wajen ashirin, gwani ɗaya ko biyu ba su isa ba. Mutum ɗaya kawai ke tsayawa tun daga farko har ƙarshe, shi ne mai tsaron gida. Ka ga ke nan wasa ne da ya fi yi wa ƙasa mai yawan jama'a sauƙi.

A birnin Montiriyal na Kanada aka yi wasa na farko mai tsari cikin zaure, cikin 1875. Hukumar wasan ta duniya kuwa an kafa ta a Faris cikin 1908. Ƙasashen da suka yi fice a wasan su ne Kanada da Amurka da Rasha da Suwidin da Finlan da ƙasar Cek.

WACE CE LATBIYA?

Latbiya tana arewacin Turai, a bakin Tekun Baltik, tana iyaka da Rasha ta gabas. Babban birninta shi ne Riga, ba rigar sawa ba. Faɗin ƙasar bai kai na Jihar Borno ba, jama'arta kuwa ba su kai miliyan biyu ba. Watau mutanen birnin Kano kaɗai sun fi na Latbiya duka yawa. Amurka tana da mutum fiye da miliyan 330, ke nan kowane mutumin Latbiya ɗaya yana fuskantar Amurkawa fiye da 170. A Kanada waɗanda suka yi rajista suna buga wannan wasa sun haura rabin miliyan, alhali kuwa na Latbiya ba su kai dubu goma ba.

Ƙasar ta sami 'yancin kai cikin 1918, ta shiga hukumar wasan ta duniya cikin 1931, har ta buga a wasannin Olamfik na hunturu da aka yi a Jamus cikin 1936. Cikin 1940 sai Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ta. Daga nan aka yi wajen shekara hamsin ba a ga tutar Latbiya a wata gasa ta duniya ba.

Amma wasan bai mutu ba. Ƙungiyar birnin, Dinamo Riga, ta ci gaba da bugawa a gasar Sobiyet, har ta zo ta biyu cikin 1988. Duk yaron da ya shahara sai a ɗauke shi ya buga wa Sobiyet. Haka aka yi da Helmuts Balderis, wanda ya ci gasar duniya sau uku da rigar Sobiyet. Haka kuma aka yi da wani mai tsaron gida, Arturs Irbe, wanda aka zaɓa gwarzon masu tsaron gida a gasar duniya ta 1990. Cikin watan Janairu 1991, da sojojin Sobiyet suka tasam ma masu neman 'yanci, mutanen Riga suka fito suka datse tituna don kare birninsu. Irbe yana cikinsu. Daga nan ya ƙi sake buga wa Sobiyet, ko da yake a lokacin ba shi da wata ƙasa da zai buga wa. Cikin watan Agusta na wannan shekara Latbiya ta koma mai mulkin kanta.

HAWAN TSANI

Gasar duniya ta hokin ƙanƙara hawa-hawa ce, kamar azuzuwan makaranta. Wanda ya zo na ɗaya a ƙaramin aji ya hau gaba, wanda ya zo na kashin baya a babban aji a mai da shi ƙasa. Da Latbiya ta dawo, ba a ce mata ga kujera a babban aji ba. Sai aka sa ta a aji na uku, cikin 1993. 'Yan wasan da suka saba karawa da gwanayen Mosko suka haƙura suka fara daga ƙasa. A wannan shekara ce suka ci Isra'ila 32 da nema, suka zo na ɗaya, suka hau aji na biyu. Nan suka yi shekara uku kafin su cinye shi cikin 1996. Cikin 1997 suka shiga babban aji, suka zo na bakwai. Tun daga ran nan ba a sake mai da su baya ba.

Abin da ya ƙara ɗaure wasan a zukatan mutanen ƙasar ya faru ne cikin watan Mayu 2000. A birnin San Fitasbag, a gidan Rasha, a gaban 'yan kallonta, Latbiya ta ci Rasha 3 da 2, Irbe ne a raga. Mai karatu ya auna da kansa yadda mutanen da aka mallaka shekara hamsin za su ji a wannan rana.

Sai dai daga nan kuma tafiya ta yi tsawo. Shekara ta bi shekara, ba su faɗi ba, ba su kuma wuce matsayi na bakwai ba. In sun yi ƙoƙari su shiga cikin takwas na ƙarshe, sai wata babbar ƙasa ta kore su. Misali mafi ban tausayi shi ne na wasannin Olamfik da aka yi a Soci cikin 2014. Sun haɗu da Kanada, wadda ta zo da dukan manyan gwanayenta. Kanada ta auna raga sau 57, wani saurayi mai tsaron gida, Kristers Gudlevskis, ya tare 55. An tashi 2 da 1, Kanada ta wuce da ƙyar, ta je ta ci zinariya. An yaba wa Latbiya ƙwarai, amma yabo ba lamba ba ne.

Har wa yau sun sha rashi. Karlis Skrastins, wanda ya yi wa ƙasar kyaftin, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Rasha cikin 2011. Cikin 2021 kuma suka ci Kanada 2 da nema a Riga, karo na farko ke nan da suka taɓa cin ta a gasar duniya. Ba a yi wata biyu ba mai tsaron gidan da ya yi wannan aiki, Matiss Kivlenieks, ya rasu a wani haɗari a Amurka yana da shekara 24. Babbar ƙasa in ta rasa gwani ɗaya akwai goma a bayansa. Ƙaramar ƙasa kuwa sai ta yi shekaru kafin ta cike gurbinsa.

Duk da haka 'yan kallonsu ba su gaji ba. Kowace shekara sukan bi 'yan wasansu dubbai-dubbai zuwa duk ƙasar da ake gasa, da ganguna da jajayen riguna irin launin tutarsu, a ci su ko su ci. Suna da wata al'ada ma mai ban dariya: in sun ci wata ƙasa, sai su kai furanni ƙofar ofishin jakadancinta a Riga, kamar masu zuwa jaje.

GASAR 2023

An yi gasar 2023 daga 12 zuwa 28 ga Mayu, a birane biyu, Riga da kuma Tamfere ta ƙasar Finlan. Ƙasashe 16 suka shiga, aka raba su rukuni biyu. Mai horar da Latbiya shi ne Harijs Vitolins, wanda shi ma ya yi shekaru yana buga wa ƙasar, har ya yi mata kyaftin.

Farkon abin bai yi kyau ba ko kaɗan. Ranar buɗewa, a gaban jama'arsu, Kanada ta ci su 6 da nema. Tun cikin mintocin farko aka fitar da mai tsaron gidansu, aka sa wani yaro ɗan shekara 22, Arturs Silovs. Wasa na biyu kuma Silobakiya ta ci su 2 da 1. Da a ce irinmu ne, da nan aka fara nuna wa juna yatsa, ana cewa wane ne ya jawo.

Su kuwa sai suka ɗaure. Suka ci ƙasar Cek 4 da 3, suka ci Norwe 2 da 1, suka ci Silobeniya 3 da 2, suka ci Kazakistan 7 da nema. Sa'an nan suka ci Suwizalan 4 da 3, ita da ba wanda ya ci ta a gasar kafin ran nan. Mai karatu ya lura, huɗu daga cikin biyar ɗin nan da bambancin ci ɗaya tak aka yi su. Ba fin ƙarfi suka yi wa kowa ba, dauriya ce da rashin sakaci. Da haka suka shiga cikin takwas na ƙarshe, suka haɗu da Suwidin, wadda ta ci gasar duniya fiye da sau goma. Suwidin ta yi ta ruwan hari, Silovs yana tarewa, aka tashi Latbiya na da 3, Suwidin na da 1. Karo na farko ke nan a tarihi da Latbiya ta shiga cikin huɗu na ƙarshe.

Aka koma Tamfere, suka sake haɗuwa da Kanada. Waɗanda aka ci 6 da nema mako biyu da suka wuce, su ne a gaba da 2 da 1 har aka gama zagaye na biyu. A zagaye na uku Kanada ta farfaɗo, ta ci 4 da 2.

Washegari, Lahadi 28 ga Mayu, aka yi wasan neman na uku tsakaninsu da Amurka, wadda ta ci wasanni takwas a jere kafin Jamus ta tare ta. Latbiya ta fara ci, Amurka ta rama. Latbiya ta ƙara, Amurka ta sake ramawa. A zagaye na uku Amurka ta wuce gaba da 3 da 2. Saura ƙasa da minti shida a tashi, sai wani mai tsaron baya, Kristians Rubins, ya rama. Aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci shi ya gama. Ba a yi minti ɗaya da rabi ba wannan Rubins ɗin ya sake jefa faifai a raga. Latbiya 4, Amurka 3. Ta sami lambar tagulla, lambarta ta farko a gasar duniya, shekara talatin cif bayan ta fara daga aji na uku. Yaron nan Silovs, wanda ya fara gasar a benci, shi aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya.

A daren nan majalisar dokokin ƙasar ta zauna ta ce gobe Litinin hutu ne. Dubban mutane suka taru a dandalin hasumiyar 'yanci da ke Riga don taryen 'yan wasa. Aka rufe ofisoshi da makarantu. Sai dai akwai abu ɗaya da ba a ɗaga ba, shi ne jarrabawar ƙasa ta ɗaliban sakandare. Su kam sai da suka je suka rubuta ta.

ABIN DA WASU KE CEWA

Adalci ne in faɗi abin da masu sukar wannan nasara ke cewa. Na farko, ana yin gasar duniya a daidai lokacin da babbar gasar ƙungiyoyin Amurka da Kanada, wadda ake kira NHL, take wasanninta na ƙarshe, don haka manyan ƙasashe ba su zuwa da dukan gwanayensu. Na biyu, an dakatar da Rasha tun 2022 saboda yaƙin Yukren, ba ta buga gasar 2023 ba. Na uku, a gasar 2024 Latbiya ba ta ko shiga cikin takwas na ƙarshe ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma amsata ita ce, ƙofar da ta buɗe cikin 2023 ga kowa ta buɗe, ƙasashe 16 ne a wurin. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to, amma sai ƙadangaren da ke jikin bangon. Da Latbiya ta yi sakaci an mai da ita ƙaramin aji a ɗaya daga cikin shekarun nan masu tsawo, da ranar da dama ta zo ba ta nan. Kuma 'yan baya sun nuna ba a nan abin ya tsaya ba. Cikin watan Disamba 2024, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, samarin Latbiya suka ci na Kanada 3 da 2 a birnin Otawa, babban birnin Kanada. Wannan karo ma mai tsaron gida ne, Linards Feldbergs, ya tare hari fiye da 50.

DARASIN DA KE CIKI

A ganina abu uku ne za mu ɗauka. Na ɗaya, kada mutum ya raina farawa daga ƙasa. Gwanayen 1993 sun fi ƙarfin ajin da aka sa su, amma ba su yi fushi sun zauna a gida ba. Yawancinsu sun tsufa sun daina wasa ba su ga lamba ba, 'ya'yansu ne suka gani. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na biyu, wanda ba shi da yawa ba ya ɓarna. Ƙasar da 'yan wasanta ba su kai dubu goma ba dole ta kula da kowane yaro, har da na benci, don ba ta san ranar da za ta bukace shi ba. Ta kuma gane inda ƙarfinta yake, watau tsaron gida da haɗin kai, ta dage a kai. Haka ya kamata mu yi a ajinmu da gidajenmu na kwana. Ɗan aji ɗayan da ake kora daga fili yau, wataƙila shi ne zai fisshe mu kunya nan da shekara huɗu.

Na uku kuwa na iyayenmu ne da malamanmu. Mutanen Latbiya ba su jira sai da aka ci lamba sa'an nan suka fara buga ganga ba. Sun yi shekaru suna rakiyar waɗanda ba su wuce na bakwai ba. Yaron da ya zo na goma a aji, ko wanda ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, shi ya fi bukatar a tsaya a bayansa, don na ɗaya ba ya rasa masu yi masa tafi. Ina roƙon iyaye, in katin sakamako ya zo gida bai yi daɗi ba, a yi faɗan da ya kamata, amma kada a cire yaro daga makaranta, kada kuma a ce masa ba zai iya ba.

Ba mu da ƙanƙara a nan sai wadda takan faɗo da ruwan sama, ko ta cikin firji, kuma mai yiwuwa ne yawancinmu har abada ba za mu riƙe sandar wannan wasa ba. Amma haƙuri da dauriya ba su san sanyi ko zafi ba. Ƙasar da ba ta kai birni ɗaya na ƙasarmu yawan jama'a ba ta tsaya ta ka da Amurka, saboda haka ƙarancinmu ba zai zama hujjar ragwancinmu ba. Allah Ya ba mu haƙuri da naci, Ya sa mu ga amfanin abin da muke koyo, amin.